Jarrabawar DELF B1: yaya ake shirya wa ɓangaren karatu?

Ɗan Misfala (Makka)

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Na yi rajistar DELF B1, jarrabawar shaidar iya Faransanci a matsakaicin mataki, a Jidda, saura mako takwas. Sauraro da magana da ɗan dama-dama, saboda mu'amala da alhazan Nijar, Mali da Senegal. Karatu ne ya tsaya mini a wuya. Duk takardar gwajin da na yi, maki 11 ko 12 nake samu cikin 25, kuma lokaci na ƙarewa ban gama rubutun ƙarshe ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, sai in ga na gane labarin sarai, amma amsar ta fito ba daidai ba. Shin in koma haddar kalmomi ne? Sannan littafin da aka ara mini yana cewa dole a kawo jimlar hujja daga cikin rubutun a tambayoyin vrai/faux (gaskiya ko ƙarya), wani kuma ya ce an daina. Wanne ne gaskiya? Allah ya saka da alheri.

Malamar Faransanci (Jidda)

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da littafin, domin shi ne farkon matsalar: tsohon tsari ne. A da ana ba da minti 35, sashe biyu, kuma akwai tambayoyin da mutum zai rubuta amsa da hannunsa ko ya kwafo jimlar hujja. Daga 2020 hukumar France Éducation international, wadda ke tsara jarrabawar a madadin ma'aikatar ilimin Faransa, ta fara sauya tsarin. Yanzu minti 45 ne, sashe uku, kuma babu abin da za ka rubuta sai alama a cikin akwati: ko ka zaɓi ɗaya cikin A, B, C, ko vrai/faux ba tare da hujja ba. Rubuce-rubucen da ke cikin tsohon littafin suna da amfani wajen sabawa da karatu, amma kada ka auna kanka da su. Ka shiga shafin hukumar ka sauko da takardun misali na sabon tsari, kyauta ne, har da amsoshinsu.

Maki 25 ɗin an raba su 8, 8, 9. Cin jarrabawar gaba ɗaya maki 50 ne cikin 100, da sharaɗin kada ka gaza 5 a kowane ɓangare cikin huɗun (sauraro, karatu, rubutu da magana). Wato 12 ɗin nan da kake samu ba faɗuwa ba ce, sai dai tana ɗora wa sauran ɓangarorin nauyi, alhali karatu shi ne wurin da ya fi sauƙin tara maki, tunda amsar tana gabanka a rubuce, ba ta gudu kamar ta sauraro.

Sashe na farko shi ne ya kamata ka mayar da shi gonarka. Ana ba ka wani yanayi, misali kana neman wurin da za ka kai iyali, da sharuɗɗa huɗu. Sai a kawo tallace-tallace huɗu, kowanne ka ce Oui (eh) ko Non (a'a) a kan kowane sharaɗi. Akwati 16 ke nan, rabin maki kowanne. Ba a bukatar zurfin Faransanci a nan, ido ake bukata. Ga misali na haɗa maka. Sharuɗɗan: a buɗe yake a week-end, kuɗinsa bai kai euro 30 ba, ya dace da yaro ɗan shekara 8, ana zuwa da motar haya ko jirgi. Tallar kuma ta ce:

« Atelier de poterie. Du mardi au vendredi, de 14h à 18h. Tarif : 25 € par personne, matériel non compris (10 €). Enfants acceptés à partir de 10 ans. À cinq minutes à pied de l'arrêt du tramway. »

Mazaunin Saudiyya yana ganin vendredi zuciyarsa za ta ce hutu, domin a nan Juma'a da Asabar ne hutun mako. A takardar DELF week-end Asabar da Lahadi ne, saboda haka amsar Non ce. Kuɗi: ido zai faɗa kan 25 ya yi murna, amma non compris na nufin kayan aiki ba sa ciki, 25 da 10 sun zama 35, Non. Yaro: à partir de 10 ans, daga shekara goma zuwa sama, ɗan takwas bai shiga ba, Non. Na huɗu kaɗai ne Oui, kuma ka lura ba a maimaita kalmar transports (abin hawa) ba, tramway (jirgin ƙasa na cikin gari) aka ce. Non uku da Oui ɗaya a talla guda ba abin mamaki ba ne, kada ka gyara amsa don kawai ka ga sun yi yawa.

Kalmomin da ke yawo a wannan sashe ba su da yawa, su ne suka cancanci hadda: sauf, jusqu'à, à partir de, gratuit, tarif réduit, en supplément, sur réservation, charges comprises, caution, jours fériés. Demi-pension karin kumallo ne da abinci ɗaya, pension complète sau uku. Quinze jours mako biyu ne, huit jours kuma a bakin Bafaranshe mako ɗaya ne. Rez-de-chaussée shi ne ƙasa, premier étage hawa na sama da shi. A lambobi, waƙafi suke sawa inda wasu ke sa ɗigo: 12,50 € euro goma sha biyu da rabi ne.

Yadda za ka yi: ka karanta sharuɗɗan sau biyu ka ja musu layi, sannan ka ɗauki talla ɗaya ka cika akwatunanta huɗu kafin ka wuce ta gaba. Masu bin sharaɗi ɗaya suna tsallake tsakanin tallace-tallace huɗu su ne ke sa alama a layin da ba nasa ba. Minti 10 zuwa 12 ya ishe ka. Idan ka wuce haka, to daga aljihun sashe na uku kake ci, shi ya sa ba ka ƙarasa shi.

Ɗan Damagaram (Madina)

Malama ta gama da na farko, Allah ya ƙara sani. Ni zan taɓa na biyu da na uku, inda ka ce kana gane labari amma amsa na kuɓucewa. Wannan ciwo sananne ne, kuma ba ƙarancin kalmomi ke kawo shi ba.

Kowanne cikin biyun rubutun jarida ne da bai wuce shafi ɗaya ba, da tambayoyi wajen bakwai. Batutuwan na rayuwar yau da kullum ne: aiki, makaranta, muhalli, abinci, waya da intanet, zirga-zirga a birni. Tambayoyin suna bin rubutun daga sama zuwa ƙasa, ban da wadda ke tambayar jigon rubutun gaba ɗaya. Idan ka samu amsar ta uku a sakin layi na biyu, kada ka koma sama neman ta huɗu.

Mai tsara tambaya ba ya maimaita kalmar da ke cikin rubutun a amsar gaskiya, sauya mata riga yake yi. Rubutu ya ce les prix ont augmenté, amsa ta ce une hausse des tarifs ko c'est devenu plus cher. Amsar ƙarya kuwa ita ce ake yi wa ado da ainihin kalmomin rubutun, don mai sauri ya gan su ya ce ga ta nan. Duk lokacin da wani zaɓi ya yi kama da jimlar rubutun kamar an tsaga kara, ka tsaya ka sake dubawa, galibi an sauya wanda ya yi aikin, ko lokacin, ko an mayar da certains ya zama tous.

Sai ƙananan kalmomin da ke juya jimla. Ne... que ba korewa ba ce: il ne travaille que le matin na nufin da safe kawai yake aiki, ba wai ba ya aiki da safe ba. Mai Larabci ya fi kowa saurin kama wannan, domin ginin "ma... illa" ne. Ne... plus, ya daina. Peu da un peu ba ɗaya ba ne: peu utile kusan ba shi da amfani, un peu utile yana da ɗan amfani. Pourtant, cependant, en revanche, malgré, bien que, duk inda ka gan su ka zagaye su da biro, ra'ayin marubuci yawanci bayansu yake zuwa. Sakin layi zai fara da yabon abu, sai cependant, sai suka. Wanda ya karanta rabin farko ya tafi ya ɗauki yabon a matsayin matsayar marubuci.

Haka kuma ka riƙa bambance wa ke magana. Selon, d'après, estime que, affirme que, duk maganar wani ce aka kawo. Tambaya za ta ce "selon le journaliste", kai kuma ka ba da amsar likitan da aka yi hira da shi. 'Yan jaridar Faransa suna da wata al'ada ta sa aikatau a conditionnel idan ba su tabbatar da labari ba: ce produit serait dangereux, wato an ce yana da haɗari, kamar yadda mu ke sa "wai". Idan tambayar vrai/faux ta ce an tabbatar da haɗarinsa, Faux ce.

Na ƙarshe, kuma manya masu ilimi sun fi faɗawa cikinsa: amsawa da abin da ka sani. Jimla tana iya zama gaskiya a duniya amma rubutun ya faɗi akasinta. Ba a tambaye ka ra'ayinka a kan illar waya ga yara ba, an tambaye ka abin da wannan shafin ya ce. Ko da yake an cire rubuta hujja, lokacin gwaji a gida ka ci gaba da ja wa jimlar hujja layi kana rubuta lambar tambaya a gefenta. Amsar da ka kasa nuna mata jimla da yatsa, hasashe ce.

Ɗan Misfala (Makka)

Na gode ƙwarai Malama, na gode Malam. Ga irin wadda ta kayar da ni jiya. Rubutun ya ce: « Longtemps réservé aux cadres, le télétravail ne concerne plus seulement les grandes entreprises. » Tambayar: « Les grandes entreprises ont abandonné le télétravail. » Na sa Vrai saboda ne... plus, tunda an ce ma'anarsa dainawa. Ina kuskuren?

Ɗan Damagaram (Madina)

Kuskuren kalma ɗaya ce ka tsallake, seulement. Ne... plus seulement na nufin "ba su kaɗai ba ne yanzu". Manyan kamfanoni suna nan suna aikin daga gida, ƙanana ne suka shigo suka same su. Abin da ya ƙare shi ne keɓantar, ba aikin ba. Ka saba da karanta korewa har ƙarshen jimla kafin ka yanke hukunci: ne... pas toujours, ne... pas forcément, ne... pas encore, ne... pas tous, kowanne rabin korewa ne. Pas encore ma alƙawari ne cewa abin na tafe.

Ka kuma lura da farkon jimlar, longtemps réservé aux cadres. Daga nan kaɗai ana iya fitar da wata tambayar: a da su wa ke yi? Cadres, wato manyan ma'aikata. Jimla ɗaya, zamani biyu, da da yanzu. Autrefois, jusqu'ici, désormais, dorénavant, depuis, su ne ke nuna maka a wane zamani kake.

Mai Fassara (Riyad)

Assalamu alaikum. A kan haddar kalmomi, jerin kalmomi dubu da aka jera daga A zuwa Z ɓata lokaci ne ga mai mako takwas. Kalmar da aka haddace ba cikin jimla ba, ranar jarrabawa za ka gan ta ka ce na san fuskarta, sunanta ne ya ɓace. Abin da ya fi shi ne iyalan kalmomi: augmenter, augmentation, hausse, croître a shafi ɗaya, baisser, diminuer, réduire, chute a shafin da ke kallonsa. Haka za ka yi wa amfani da illa (avantage, atout, inconvénient, risque), dalili da sakamako (grâce à, à cause de, car, donc, c'est pourquoi), yarda da ƙi. Da waɗannan ake sauya rigar da Malam Ɗan Damagaram ya ambata. Grâce à dalili ne na alheri, à cause de yawanci na sharri, kuma wannan kaɗai kan nuna maka inda marubuci ya karkata.

Wanda ya yi boko da Turanci yana da riba babba, domin kalmomi masu yawa sun yi kama, amma akwai masu kama da ba 'yan'uwa ba. Actuellement "a halin yanzu" ne. Librairie kantin sayar da littattafai ne, ɗakin karatu bibliothèque. Location haya ce, ba wuri ba. Assister à halarta ce, ba taimako ba. Rester zama ne, ba hutawa ba. Formation horo ne, stage kuma aikin koyon sana'a. Éventuellement "mai yiwuwa". Location da formation suna yawan fitowa a sashe na farko. Larabci ma bai bar ka hannu rabbana ba: magasin daga makhazin, tarif daga ta'arif, chiffre daga sifr, douane daga diwan, sucre da coton kuma ba sai an faɗa ba. Asansēr ɗin da ake cewa a gine-ginen Jidda ascenseur ne.

A nan zan ɗan saɓa wa masu cewa a fara karanta tambayoyi kafin rubutu a ko'ina. A sashe na farko haka ne. A na biyu da na uku, idan ka cika kanka da zaɓuɓɓuka ashirin, biyu cikin kowane uku ƙarya ne, da su za ka shiga rubutun. Ka fara da take, da 'yar gabatarwar da ke ƙarƙashinsa wadda suke kira chapeau, da sunan jaridar a ƙasa. Ka karanta rubutun sau ɗaya da sauri, minti uku, ba tsayawa a kan kalmar da ba ka sani ba. Sannan ka ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ka karanta kan tambayar, ka nemo wurinta, ka amsa wa kanka, sai ka duba A, B, C. Ta jigo ka bar ta ƙarshe ko da ita ce ta farko a takarda.

Mako takwas ɗin, ga yadda zan raba su. Biyu na farko babu agogo: sashe ɗaya a rana, a hankali, da ƙamus bayan ka gama amsawa, ba kafin ba, domin a ɗakin jarrabawa babu ƙamus babu waya. Daga na uku zuwa na shida, agogo a kan kowane sashe, 12, 15, 15, da minti 3 na dubawa. Biyun ƙarshe, cikakkiyar takarda sau biyu a mako a zama ɗaya. Ka buga takardun a kan takarda, kada ka yi a waya. Ido da ya saba da gungura allo yana ɓacewa a shafi, kuma ba a ja wa allo layi.

Ka ware littafi ɗaya na kurakurai. Kowace tambaya da ka faɗi, ka rubuta jimlar rubutun, amsar da ka zaɓa, da dalili cikin kalma biyu: ban san kalma ba, na tsallake korewa, na ɗauki maganar wani, na yi amfani da sanina, lokaci ya ƙare. Bayan takarda biyar ka ƙirga. Irin makin da ka faɗa, da kuma misalin da ka kawo, ina kyautata zaton "ban san kalma ba" ba shi zai zo na ɗaya ba.

Karatun kullum kuma minti ashirin ya wadatar, bayan asuba ya fi, kafin hayaniya. Journal en français facile na RFI yana zuwa da rubutaccen abin da aka karanta. Ka fara sauraron labaran ranar a sashen Hausa na RFI, sai ka karanta na Faransancin, kan labarin yana hannunka, sai ka mayar da hankali ga ginin jimla. Shafin gidan talabijin na TV5Monde na da darussa da aka jera bisa mataki, ka zaɓi B1. Shafin 1jour1actu na yara ne, amma kada girman kai ya hana ka, bayaninsa daidai matakin yake. Labaran siyasa zalla ba su ne suka fi fitowa ba, ka nemi shafukan société, santé, éducation, environnement. Bayan kowane rubutu ka faɗi jigonsa da Hausa a jimla ɗaya, ka kuma zaɓi y, en, dont, celui-ci ko ce dernier guda uku ka nuna sunan da kowanne ke wakilta. Ce dernier na komawa ga wanda aka ambata a ƙarshe, ba ga wanda labarin ke kansa ba, kuma ana gina tambaya a kan wannan.

Malamar Faransanci (Jidda)

Na yarda da Malam Mai Fassara a kan tsarin karantawa, da ƙari ɗaya: wanda karatunsa ke da nauyi zai iya leƙa kan tambayoyin kawai, ba tare da zaɓuɓɓukan ba, kafin ya shiga rubutun. Ka gwada hanyoyin biyu a makon farko ka tsaya a kan ɗaya.

Game da ranar, sauraro da karatu da rubutu a zama ɗaya ake yin su, awa ɗaya da minti 55. Karatu na zuwa bayan sauraro, bayansa kuma akwai rubutun kalma 160 aƙalla da ke bukatar nasa minti 45. Duk mintin da ka ƙara wa karatu, daga can ka ciro shi. Tambayar da ta ci minti biyu ba ta buɗe ba, ka cire zaɓin da ka tabbata ƙarya ne, ka zaɓi ɗaya cikin sauran, ka sa ɗigo a gefe ka wuce. Ba a rage maki don kuskure, saboda haka kada ka bar akwati ko ɗaya babu alama, amma kada ka sa alama biyu a tambaya ɗaya. Ka zo da biro baƙi ko shuɗi guda biyu, da takardar gayyatar da cibiyar ta aiko maka, da iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) ko fasfo. Ka duba yadda aka rubuta sunanka da ranar haihuwarka a takardar gayyatar tun yanzu, domin haka za su fito a shaidar, ita kuwa shaidar DELF ba ta ƙarewa, da ita za ka zauna. Daga Makka, ko da mota ko da jirgin ƙasa na Haramain, ka lissafa cunkoson cikin Jidda da safe, ba tsawon hanyar kaɗai ba.

Ɗan Misfala (Makka)

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na sauko da takardun sabon tsarin, na buga biyu. Na koma kan tsoffin kurakuraina bakwai kamar yadda Malam Mai Fassara ya ce: ɗaya ne kawai na rashin sanin kalma, huɗu korewa ce, biyu kuma maganar wani na ɗauka. Malama, a sashe na farko idan talla ba ta ce komai ba a kan wani sharaɗi fa, Oui ko Non?

Malamar Faransanci (Jidda)

Kafin ka ce ba ta ce komai ba, ka sake karantawa, kusan kullum bayanin yana nan cikin wata riga. "Parking" na iya zuwa a matsayin garage ko stationnement gratuit, "ya dace da yara" a matsayin pour toute la famille ko de 7 à 77 ans, "da yamma" a matsayin 19h30 kawai. Idan ka duba sau biyu babu abin da ya nuna an cika sharaɗin, Non za ka sa.